Shekarar da Na Taɓa Bayan Adda

'Ya'yana, 'yar'uwarku Zainab ce ta jawo wannan babin, don haka in ya yi muku nauyi ku kuka da ita. Ta je biki Kurfi ta dawo fuska a haɗe, ta yini tana kewaya ni kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai, sannan ta tambaye ni wai da gaske ne na kai mahaifiyata asibiti na tuɓe ta a gaban maza 'yan makaranta don in ci jarrabawa. Wata tsohuwa ce cikin dangin babana ta faɗa mata, suna bakin murhu. Ban ji haushin Zainab ba, na ma gode mata da ta tambaya maimakon ta haɗiye. Tsohuwar na ji haushi, kuma har yau ban huce ba, Allah ya yafe mini. Tun da maganar ta yi tsawon ran da ta iso kunnen jikokin mahaifiyata, gara ku ji ta daga bakin wadda ta tsaya a wurin.

Ni ɗiyar fari ce, kuma ku 'yan zamani ba ku san abin da wannan yake nufi a rugarmu ta wajen Birchi ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo Hajo, ƙanwar babana, wadda ke aure a Dutsin-Ma. Mijinta malamin firamare ne, shi ya sa ni a boko, da ban san ko hanyar makaranta ba. Mahaifiyata kuwa Adda nake ce mata, kamar wata yayata. Ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata, ba ma zama a tabarma ɗaya. In na je hutu tana son in ci abinci, sai ta dubi wanda ke kusa ta ce a ce wa yarinyar nan ga tuwo can. Kada ku ce ƙiyayya ce. Kunya ce, a wurinsu kuwa kunya ita ce mutunci. Na sha buɗe ƙullin kayana a Dutsin-Ma in tarar da man shanu a ɗan kwano, ba wanda ya ce shi ya sa, ni ma ban taɓa tambaya ba. Amma tun da na yi wayo ban tuna ranar da hannuna ya taɓa jikinta ba. Bayan babana ya rasu ta ci gaba da zama a rugar, ƙarƙashin yayansa Baffa Jauro. Doguwa ce, fara tas, tana cura fura da hannunta ta kai kasuwar Kurfi da nono. Da furar ta ciyar da ƙannena. Abin da aka fi saninta da shi kuwa dauriya. Ana ba da labari cewa duk haihuwar da ta yi, ko na bakin ƙofa bai ji nishinta ba.

Ina gab da gama karatun likita aka turo rukuninmu Dutsin-Ma mu koyi cutukan fata a hannun wani dattijo, Dakta Rabe. Ni kaɗai ce mace a cikinsu. Na yi murna, don zan riƙa kwana a ɗakin Goggo in huta da abincin makaranta. Dakta Rabe ɗan siriri ne mai saurin fushi, kuma ba ya duba fata a cikin ɗaki. Ya sa an kewaye masa wani fili da zana a bayan asibiti, ba rufi, nan yake ganin marasa lafiya da hantsi. Ranar farko ya tarar da mu mun buɗe babban littafinmu mai hotuna, muna ta haddar jan tabo da jan ƙurji, duk a jikin Turawa.

"Ku rufe min wannan," ya ce. "Jan da yake gaya muku ba za ku gan shi a jikin mutumin ƙauyen Kuki ba. Fitila ma tana ƙarya. Ku fito rana."

Haka muka koya, a tsaye, zufa tana bin bayanmu. Dokarsa ita ce ka fara gaisawa da mara lafiya hannu da hannu ko mene ne a jikinsa, ka duba shi daga kai har tafin ƙafa, sannan ka faɗi abin da ka gani da ƙarfi, da Hausa, kafin ka ambaci sunan ciwo. Wanda ya toshe hanci a gaban mai gyambo, ranar shi zai wanke gyambon. Mun ga ƙazuwa a tsakanin yatsu, mun ga makero a kan yara, mun ga kirci, mun ga kyasbi har muka gaji. A kan kyasbi ya fi tsananta mana, saboda akwai abin da ke shigar burtu da shi. Kyasbi in ka kankara shi yana fitar da gari kamar dusa, wurin yana zufa, mai shi yana jin taɓi. Tabon kuturta shi ma haske yake yi, amma a bushe yake, ba gashi, ba zufa, kuma ba ji. Ya koya mana mu murza auduga ta yi tsini, mu sa mutum ya rufe ido, mu taɓa, shi kuma ya nuna da yatsa inda ya ji. Ya koya mana mu laluba jijiyar gwiwar hannu, wadda in ciwon ya kama ta takan kumbura ta yi kauri kamar igiyar guga. Akwai maganar da yake maimaitawa har muna kwaikwayonsa a bayan ido.

"Ciwon nan ba ya cin yatsa. Jijiya yake kashewa, sai wuta da ƙaya su ci yatsan. In kun kama shi da wuri kun ceci hannu. In kun yi nawa, to kun warkar da mutum ya tafi gida da dungu."

Da kaka ta yi, ana yankan gero, na je ruga gaisuwa. Na tarar da Adda tana dafa ƙullun fura. Ina zaune can gefe muna hira da matar Baffa, sai na ga ta kama tukunyar da hannu biyu, ba tsumma, ta sauke ta daga kan wuta ta dire ba gaggawa. Tururi yana tashi ta tsakanin yatsunta. Da ta juyo na hangi bororo a yatsun hannunta na hagu, wani ya fashe, wani sabo. Matar Baffa ta ga inda nake kallo, ta yi dariya.

"Ai uwarki dutse ce. Kwanaki wanzami ya zo ya tsattsaga mata kyasbin da ya fito mata a baya, wallahi ko ƙifta ido ba ta yi ba. Shi da kansa ya ce bai taɓa ganin mace irinta ba."

Na jira har ta sunkuya kan turmi, zanenta ya ɗan zame, na ga gefen tabon a ƙasan kafaɗa, da sawun aska a jere a kansa. Duk bayanta yana ƙyallin zufa, wurin nan kaɗai a bushe. Kun ga inda matsalar take. A wani gida, da an ga mace ta ɗauki tukunya daga wuta ba ta ce wash ba, da an tambaya ko lafiya. A namu gidan yabo aka yi. Mace ce da aka saba ba ta nuna zafi, shi ya sa ranar da ta daina jin zafin ba wanda ya lura, sai ma aka ƙara mata girma. Ni kuma ba ni da bakin da zan ce mata Adda kawo hannunki in gani. Na yi sallama na dawo Dutsin-Ma, ban san yadda na hau mota na sauka ba.

Na samu Goggo tana tankaɗe, na gaya mata ina tsoron kuturta ce. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Tofar da yawun bakinki. Mi kika sani? Daga shiga asibiti jiya sai ki fara da uwarki?"

"Goggo, Allah ya sa ƙarya nake. Amma in gaskiya ne, akwai magani, kuma in aka bari yatsun za su tafi. Da mi za ta cura fura?"

Ta ɗauki rariyar, ta sake ajiyewa. Goggo mace ce mai faɗa amma ba ta gardama da gaskiya in ta gan ta. Washegari ta yafa mayafi ta ce in taso mu je wurin Baffa, don ba a fitar da matar gida zuwa asibiti ba da saninsa ba. Mun same shi a gindin tsamiya yana tufka igiya. Na durƙusa nesa, Goggo ta yi bayani a sakaye, ba ta kama sunan ciwon ba, ta ce babban ciwo ake tsoro. Bai daina tufkar ba har ta gama.

"A zuri'armu babu wanga ciwo," ya ce. "Kaka da kakanni ba a taɓa ji ba. Kyasbi ne, an yi mata tsaga."

Na ce, "Baffa, ba gado ba ne. Ƙwayar cuta ce kamar ta tari, kowa tana iya kamawa. Da an fara magani ma ba mai ɗaukarta."

"Hajo, da ke nake magana. Gaya wa ɗiyarki, yau matar nan tana da mutunci. Ran da aka kai ta wurin da ake tara kutare, an raɗa mata suna, kuma sunan ba ita kaɗai zai bi ba. Wa zai sayi nonon rugar nan? Wa zai nemi 'ya'yanmu? In ta kai ta, to ita ta raɗa sunan, kuma kada ta ƙara tako mani gida."

Ina so ku yi wa Baffa adalci, ko da yake ni na daɗe ban yi masa ba. Ba mugu ba ne. Shi ya riƙe marayun ƙaninsa, bai taɓa cin saniyar maraya ba. Kuma abin da ya hango gaskiya ne, ya faru kamar yadda ya faɗa. Inda muka rabu shi ne, shi yana auna sunan gida, ni ina auna yatsu goma. Kafin mu bar rugar Goggo ta shiga bukkar Adda ta gaya mata komai, ina waje ina jin muryar Goggo, ban ji ta Adda ba. Da Goggo ta fito na tambaye ta abin da ta ce. Ta ce mini Adda tsintsiya kawai ta ɗauka ta hau shara.

Makonnin da suka biyo baya sun fi kowane lokaci tsawo a rayuwata. Kullum ina cikin zanar Dakta Rabe ina riƙe da hannayen mutanen da suka zo a makare, ina koyon yadda ake jiƙa su a ruwa a goge kaushin a shafa mai. Duk hannun da na riƙe sai in ga nata. Na rame har Dakta Rabe ya yi mini tsawa wata rana, ya ce in ba zan iya kallon fata ba in koma in karanci haƙori. Ban gaya masa ba. Ina tsoron abokan karatuna su ji, ba zan ɓoye muku ba, don na san irin barkwancin da suke yi da kutare in malam ba ya kusa. Amma tsoron da ya fi wannan shi ne Adda ta zaɓi yin shiru har abin ya gama da ita, kuma na san za ta iya.

Sai wata safiya, muna tsaye ana kiran marasa lafiya, na ɗaga kai na gan ta a ƙarshen layi, ƙwarya a ka kamar mai zuwa talla, Goggo a gefenta. Daga baya Goggo ta ba ni labari. Wai tana dama wa wani mai saye fura a kasuwar Kurfi ludayi ya suɓuce daga hannunta na dama, ta ɗauka ya sake suɓucewa. Na hagu kuwa ta riga ta saba da mutuwarsa, tana ɓoye shi a cikin zane. Da ta ga abin ya taɓo dama, ba ta shawarci kowa ba. Ta ce wa mutanen gida za ta gwada kasuwar Dutsin-Ma, ta hau mota ta sauka a ƙofar Goggo. Ku riƙe wannan da kyau: ba ni na kai ta ba, da ƙafarta ta zo.

Na matsa kusa da Dakta Rabe na ce masa a hankali matar can mahaifiyata ce, kuma ni ce ta fari. Bakatsine ne, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya dube ni, ya dubi layin, ya kori maza duka zuwa bayan zana ya ce su tsaya inda za su ji amma ba za su gani ba. Aka shigo da ita ta zauna a benci ta ba rana baya. Ya gaishe ta da girmamawa, ya ce zai duba bayanta da hannayenta, ni kuma zan fita don ta sake. Ta sunkuyar da kai ta ce namiji bai taɓa jikinta ba tun da maigidanta ya rasu, ban da wanzami, shi ma da aska. Ya ce to babu wata mace a nan da ta san aikin sai ɗalibarsa. Goggo tana ta murza bakin mayafi. Can Adda ta ɗago ta dubi Dakta Rabe, ba ta dubi inda nake ba.

"Likita, wagga ɗalibar taka, ta iya?"

"Ta iya, Inna."

"To ta taɓa. Amma kai zan riƙa ba amsa."

Ta sassauta zanen ta baya kawai, ta riƙe shi gam a ƙirji. Dakta Rabe ya ja da baya ya tsaya inda zai hango, ya harɗe hannuwa, ya koma malamin da na sani.

"Faɗi abin da kika gani. Da ƙarfi, na waje su ji."

Na faɗa. Na ce akwai tabo mai haske a ƙasan kafaɗar hagu, faɗinsa ya kai tafin hannu, bakinsa ya ɗan tasa, a bushe yake, ba gashi, da sawun tsaga a kai. Na ce akwai wasu ƙanana a ƙugu da bayan damtse. Ya ce in sake faɗa da ƙarfi, na sake. Sannan ya miƙo mini auduga, ya ce wa Adda ta rufe ido, duk inda ta ji an taɓa ta nuna. Ya ƙara da cewa, "Inna, nan ba wurin dauriya ba ne. In kin ji ki ce kin ji, in ba ki ji ba kada ki ce kin ji don ki taimake mu." Na murza audugar na taɓa lafiyayyar fata a kafaɗar dama. Ta kai yatsa wurin ta ce, "Nan, likita." Na taɓa wuyanta, ta nuna. Sai na taɓa tsakiyar tabon. Ta zauna shiru tana jira. Na sake taɓawa. Na ajiye audugar na ɗora yatsuna, sannan tafin hannuna gaba ɗaya, a bayan uwata, karo na farko tun da na san kaina. Na bar shi a wurin fiye da yadda aiki yake bukata.

"Likita," ta ce, idonta a rufe, "ta fara ne, ko tukuna?"

Ban yi kuka ba, ɗiyarta ce ni. Amma na ji abin har cikin ƙashina, kuma yanzu da nake rubutawa ina jin sa. Dakta Rabe ya yi gyaran murya ya ce in ci gaba da jijiyoyi. Na laluba jijiyar gwiwar hannun hagu na ji ta yi kauri, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa ba sa miƙewa. Ta dama ta kumbura amma da na danna sai ta ɗan janye hannun. Dakta Rabe ya ce alhamdu lillahi, wannan da sauran rai a cikinta, tana jin zafi. Aka ɗan tsaga fatar kunnenta aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya tabbatar. Da na fito bayan zana na tarar da abokan karatuna tsaye, ba mai kallon wani. Ba wanda ya ga ko gefen zanenta a cikinsu, kuma ba wanda ya sake barkwancin kutare a gabana. Jarrabawar da ake cewa na ci da ita kuwa, sai bayan wata da watanni aka yi ta, a wani gari, a kan wani mai ƙazuwa.

Mun so mu rufa asiri, Allah ya sani. Ta koma ruga da ƙwayoyinta a ƙulle a bakin zane, duk wata ta zo kamar mai talla ta karɓi wasu. Na roƙi Goggo ta gaya mata ta huta da kai fura kasuwa na ɗan lokaci, ta kama tukunya da tsumma, ta duba hannunta kowace safiya ko akwai rauni. Abin da ba mu da dabararsa shi ne maganin kansa. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin yana rina fata, Dakta Rabe ya gaya mana tun farko. A jikin baƙin mutum ba a cika lura ba. A jikin Adda, wadda ake kwatance da farinta, kafin rani ya yi nisa ta koma jaja-jaja, sannan ta yi duhu kamar an shafa mata toka da manja. Mutanen kasuwa kuwa sun san wannan launi, sun sha ganinsa a jikin masu karɓar magani. Ranar da ta koma da ƙwaryarta Kurfi, ta zauna inda ta saba zama tun tana amarya, har la'asar ba wanda ya tsaya. Matan da ke gefenta suka ja ƙwaryoyinsu. Maganar ta riga ta isa ruga, kuma a makon nan nonon gidan Baffa ma dawowa aka yi da shi.

Baffa bai kore ta ba. Ya sa aka kafa mata bukka can bayan garke, aka ware mata ƙwarya da tulu, aka hana ƙannena ci da ita. Da Goggo ta ji, ta ɗauki hayar mota ta je ta kwaso ta da ƙaramar ƙanwata, suka yi musayar maganar da ba ta kamata tsakanin wa da ƙanwa ba. Saƙon da ya aiko mini ta bakin Goggo gajere ne, ya ce na raɗa sunan, in riƙe. Daga ranar ba a sake gayyatata suna ko biki a rugar ba. Da zan yi aure, mijin Goggo ne ya karɓi sadakina, alhali Baffa yana raye. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma babanku shaida ne.

Shekara biyu tana shan magani a gidan Goggo. Yatsu biyun nan na hagu ba su dawo ba, kun san su, kun sha wasa da su kuna ƙanana. Hannun dama kuwa, da ƙarin wani magani na kumburin jijiya, ƙarfinsa ya dawo, jinsa ya dawo. Launin ma ya washe a hankali. Ranar da Dakta Rabe ya sallame ta ya ce ta warke sarai, ta ce wa Goggo tana so ta je gida. Ta jiƙa gero ta surfa, ta daka da kayan yaji, ta dafa ta kirɓa, ta zauna ta cura fura da hannunta, dunƙule-dunƙule sumul kamar da. Lokacin na gama karatu ina aiki. Goggo ta ce in zo mu raka ta, in Baffa zai kore ni ya kore ni a gabanta.

Bai kore ni ba, bai kuma amsa gaisuwata ba. An shimfiɗa mana tabarma nesa da ta mutanen gida. Adda ta nemi nono, aka miƙo mata daga nesa. Ta dama furar a sabuwar ƙwarya da sabon ludayi, duk rugar ana kallon hannunta, ludayin bai ko girgiza ba. Ta tashi ta kai gaban Baffa ta durƙusa ta ajiye. Goggo ta ce, "Yaya, likita ya ce ta warke, ba abin da ya rage." Baffa ya dubi ƙwaryar ya daɗe. Na yi imani ya so ya sha. Sai ya ce yana azumin nafila. Adda ta ɗauka ta kai wa matarsa, ita kuma ta ce cikinta ba daɗi. Ta kai wa wannan, ta kai wa wancan, kowa da uzurinsa, har yaran da suka taso da gudu aka daka musu tsawa suka koma. Ta dawo da ƙwaryar cike ta ajiye a tsakiyar fili, ta koma tabarma ta zauna, bayanta a miƙe.

Na tashi na je na ɗauka. A gidanmu mace ba ta sha a tsaye gaban manya, balle ɗiyar fari a gaban uwarta. Na kafa kai na sha, na huta na sake sha, sai da na ga gindin ƙwaryar. Adda ta kawar da fuska wajen garke, ta ce wa Goggo rana tana yi, a tashi kada mota ta wuce.

Ba ta sake taka Birchi ba, ba ta kuma sake kai ƙwarya kasuwa ba. Da na yi aure babanku ya ce ta dawo wurinmu, a nan ta ƙare kwanakinta, Allah ya jiƙanta. Ban ce ku yi gaba da kowa ba. Ku je Kurfi, ku je Birchi, ku gaida dangi, jininku ne, Baffa ma na yafe masa kafin ya rasu ko da bai nema ba. Amma duk wanda ya sake tare ku da maganar na tona wa uwata asiri, kada ku yi musu da shi. Ku gaya masa furar da aka yaye ku da ita, ku duka, hannunta ne ya cura.